Bakteriyar da aka gyara wa halitta: in ta shiga gona wa zai kamo ta?

Zainab: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau Yaya Aminu ya zo mana da rigima, wai bakteriyar da masana ke sauya wa halitta su watsa a gona. Malam Garba tun ɗazu nake ganin kana girgiza kai.

Garba: To ai dole. Masara in ba ta yi maka ba ka tumɓuke ta, amma abin da ido ma ba ya gani, yana hayayyafa cikin ƙasa, ruwa ya kwashe shi zuwa gonar maƙwabci, wa zai kamo shi?

Aminu: Malam, ai wannan tsoron ya tsufa. A 1987 aka fara gwajin a Kalifoniya ta Amurka, akwai wata bakteriya Pseudomonas syringae da ke sa raɓa ta daskare a kan ganye lokacin sanyi, sai suka cire mata ƙwayar gadon da ke wannan aikin, suka sa wa maganin suna Frostban suka fesa wa sitiroberi. Mai feshin ta sha kaya kamar za ta duniyar wata, kuma daren kafin gwajin masu adawa sun shiga gonar sun tuttuge shukar.

Zainab: Kai! To me ya biyo baya?

Aminu: Babu wata ɓarna da aka gani.

Garba: Gwaji ne fa a ɗan fili. Ni abin da ya dame ni, bakteriya suna miƙa wa juna ƙwayoyin gado ko da ba jinsinsu ɗaya ba, ka sa wa wannan abu gobe ka tsince shi a jikin wata.

Aminu: Gaskiya ne, amma ji na Ostareliya. Suna da wata bakteriya K84 da ke kashe cutar da ke fito wa itatuwa da ƙari a gindi, ita ta asali ce ba wanda ya taɓa ta, sai aka gano tana iya miƙa wa cutar garkuwar da za ta hana K84 ɗin kashe ta. Shi ne aka yanke mata hanyar miƙawar, ta zama K1026. Ka ga a nan gyaran ne ya toshe ƙofar.

Zainab: To Nodumax, garin nan mai ɗauke da bakteriya da manoman waken soya ke cakuɗa iri da shi fa?

Aminu: A'a, waccan ta asali ce, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke yin ta. In an kawo gyararriya sai NBMA, hukumar Najeriya mai sa ido kan halittun da aka gyara, da aka kafa a 2015 ta ba da izini.

Garba: Izini daban, bibiya daban. Wa zai koma gonar bayan shekara uku ya ɗebi ƙasa ya auna?

Zainab: Malam riƙe wannan, bari mu je talla mu dawo.