Mai Ba da Kati a Bakin Ƙofar Emajansi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba, abokan aiki, da ku ƙannena da za a rarraba ku asibitoci, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana a kan aikinmu na ɗakin kati, ni kuwa zan tsaya a teburin da ke bakin ƙofar emajansi, don nan ne aikin ya fi zafi, nan ne kuma aka fi raina shi. Jama'a likita da nas suka sani, mu sai dai a ce mai ba da kati. Alhali allurar da za a yi a ciki, da jinin da za a ƙara, da hoton da za a ɗauka, duk a kan suna da lambar da ka rubuta za a yi su. In ka kuskure, maganin wani ya tafi jikin wani.

Mu fara da doka, don ku san inda kuka tsaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, kuma ta yanka tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. A 2017 aka sa hannu a wata dokar game da wanda aka harba da bindiga: asibitin gwamnati ne ko na kuɗi, dole a karɓe shi a fara magani, da takardar 'yan sanda ko babu, sannan a sanar da ofishinsu mafi kusa cikin awa 2 da fara maganin. Don haka idan aka shigo da mutum jina-jina, kalmar "je ka yanki kati tukuna" kada ta fito daga bakinka. Ba kai ne za ka ce wannan ya fi wancan jin jiki ba, aikin nas ne ta tantance. Naka shi ne ka kira ta da ƙarfi, ka ɗauki fom da biro ka bi gadon. Kati ya iske marar lafiya inda yake.

Yanzu batun suna, kuma nan zan daɗe. A rana guda Aisha Muhammad nawa za su zo asibiti babba irin na Murtala ko na Malam Aminu Kano? Wannan ta rubuta Mohammed, waccan Muhammadu, wata Mamman. A gida kuwa ba mai kiranta Aisha, Indo ake ce mata, ko Ladi don ranar Lahadi aka haife ta. Maƙwabcin da ya kawo ta a adaidaita sahu Ladi ya sani, da Ladi za a buɗe kati. Gobe mijinta ya zo da tsohon kati mai sunan Aisha, mace ɗaya ta tashi da fayil biyu. A tsohon an rubuta cewa wani magani ba ya karɓar ta, sabon kuwa fari fat. Likitan dare sabon zai gani.

Ga kuma kunya irin tamu. Dattijuwa ta kawo ɗanta na fari, ka tambaye ta sunansa, ta sunkuyar da kai. Ka tambayi wata sunan mijinta, ta ce maigidan. Kada ka daka mata tsawa. Juya ka tambayi wanda ya rako ta, ko ka ce, "Inna, ko akwai katinsa na zaɓe ko na ɗan ƙasa a aljihu?" In babu, ka ambaci sunan da kake zato, za ta gyaɗa kai. Shekaru ma haka: wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ka tambaye shi wa ke mulki lokacin da ya yi aure, ka ƙiyasta, ka kuma rubuta cewa ƙiyasi ne. Kada ka taɓa dogara da suna kaɗai. Suna da lambar asibiti, ka haɗa da unguwa da lambar wayar wani nasa. Lambar wayar nan ka karanta wa wanda ya ba ka ita ya ji, ya ce haka ne.

Akwai wanda za a kawo ba ya magana, ba kowa nasa, jami'an kiyaye haɗurra ne suka ɗauko shi a bakin titi. Ka ba shi lamba nan take, ka rubuta namiji ne ko mace, kimanin shekarunsa, kalar rigarsa, inda aka ɗauko shi, da wanda ya kawo shi. Idan mota guda ce ta zubar da mutum goma, kowa da lambarsa a ɗaure a hannu kafin a ɗebi jinin ko mutum ɗaya. Abin da ke aljihunsa, waya ce, kuɗi ne, makulli ne, a ƙirga a gaban shaida, a rubuta, a sa hannu, a kulle. Ran da 'yan'uwansa suka zo suna bin asibiti asibiti, daga ɗakin kwanciya har mutuware, wannan layin da ka rubuta na shuɗiyar shadda da tabo a goshi shi zai kai su gare shi. Na ga uwa ta gane ɗanta ta wannan hanya, ta same shi da rai.

Lokaci ma ku riƙe shi da kyau. Ku dubi agogo, ku rubuta ƙarfe nawa da minti nawa aka iso. Likita yana lissafi da shi, kotu ma in magana ta kai can da shi za ta yi aiki. Kada ka bari sai gari ya waye ka cike rajista da ka. In ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ka gyara, ka sa hannu. Ba a kankarewa. Inda aka koma kwamfuta kuwa, kada ka ba kowa lambar sirrinka, kuma fom na takarda ya zauna a durowa saboda ranar da wuta ko intanet za su ɗauke.

Rajistar nan tana da wani amfani da ba a cika faɗa muku ba. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. Irin wannan cuta, da kwalara, da sanƙarau, da zazzaɓin Lassa, ana kai rahotonsu ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, daga nan jiha, har hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Abuja. Wanda zai bi sawun cutar adireshi yake nema. In ka rubuta "Kano" kawai ka tashi, ina zai nufa? Rubuta unguwa, da layi, da masallaci ko makarantar da ke kusa.

Sai amana. Sashe na 26 na dokar 2014 ya ce bayanin marar lafiya sirri ne, addininmu ma tun tuni ya faɗa. Wani zai bugo waya ya ce shi yayan wata marar lafiya ne, me ke damun ta? Ba bakinka ba ne, ka haɗa shi da likita. Hoton fayil ko na wanda ya yi haɗari kada ya shiga wayarka, balle WhatsApp. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai, a ce uwa a waya za ta fara ganin gawar ɗanta.

Masu jinya za su yi maka ihu, wani har zagi. Tsoro ne ke cin sa. Tashi tsaye, ka ce sannu, Allah ya ba shi lafiya, ka gaya masa inda aka kai ɗan'uwansa da inda zai zauna ya jira. Labarin rasuwa kuwa, ko ka riga kowa sani, likita ne zai faɗa.

In lokacin tashinka ya yi, kada ka ajiye biro ka fice. Zauna da mai karɓar ka, ku bi rajista layi layi: wa aka kwantar, wa aka sallama, wa aka tura wani asibiti, wa har yanzu ba a san sunansa ba, kayan wa ke cikin durowa. Ku sa hannu ku biyu.

Na ga an yi mini alamar lokaci. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da 'yan baya.