Na Je Asibitin Fata a Tokyo da Ɗan Japanancin da Ban da Shi Sosai

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau asibiti za mu je tare. Sanyin Tokyo busasshe ne, ya fi hunturun Kano cin fata, ga na'urar ɗumama ɗaki tana aiki dare da rana. Wuyana da lanƙwasar gwiwar hannuna sun yi kaushi, ƙaiƙayi ya hana ni barci, man kaɗanyar da na zo da shi ma ya gaza.

Kun ga allon can a hawa na biyu? Hifuka ke nan, ƙaramin asibitin fata na unguwa. Don Allah kada ku nufi babban asibiti kai tsaye da irin wannan matsalar, don in babu takardar turawa daga likita za a ƙara muku yen 7,000 ko fiye, kuma inshora ba ta biyan wannan. Ku kula da lokaci kuma, yawancinsu suna rufewa da tsakar rana sai yamma su sake buɗewa, ranar Lahadi kuwa a kulle suke.

Ba a ɗaukar bidiyo a ciki, saboda haka sai na fito zan ba ku labari.

To, na fito, alhamdu lillahi.

Da shigata na miƙa katin My Number, wato katin shaidar mazauna Japan da yanzu yake aiki a matsayin katin inshorar lafiya, don tun Disambar 2024 aka daina ba da sabon katin inshora irin na da. Duk baƙon da zai wuce wata uku a ƙasar nan dole ya shiga inshora, kashi 30 cikin 100 na kuɗin asibiti kawai yake biya. Sai suka miƙo mini takardar tambayoyi, duk da Japananci. Na ɗora kyamarar Google Translate a kai, na zagaye wuraren da ke damuna a jikin zanen mutum da ke takardar. Tun a gida na nemi asibitin da likitarsa mace ce, saboda sai na cire hijabi.

Ga abin da ya sa na yi wannan bidiyon. Likita ta duba wuyana ta tambaya ko wurin yana yin ja. 'Yan uwa, fatarmu ba ta yin ja yadda tasu take yi. Kumburi a jikinmu duhu yake ƙarawa, wani lokaci ya yi toka-toka, wanda bai saba gani ba sai ya ɗauka abin bai yi tsanani ba. Sai na ciro wayata na nuna mata hotunan da na ɗauka da hasken rana, na farkon fitowar abin da na bayan na sosa. Na ɗora yatsanta a iyakar wurin don ta ji bambancin kaushin da lafiyayyar fata. Nan ta gyara zama, ta jawo fitila. Ta ɗan kankare fatar a kan gilashi ta duba a madubin likita, ta ce ba ƙyasbi ba ne, ba makero ba ne, bushewa ce ta jawo kumburi.

Ta kuma nemi ganin duk abin da nake shafawa, na zazzage mata jakata. Wannan kada ku ji kunyarsa. Mayukan bilicin da yawa suna da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, suna sa fata ta yi siriri, kuma in an ɓoye wa likita, maganin da za ta rubuta zai iya ƙara ɓarna. In kina shafawa, 'yar uwa, ki kai mata kwalbar ta gani da idonta.

Kuɗin ganin likita bai kai yen 2,000 ba. Magani kuwa ba a ciki ake bayarwa ba, ga kantin maganin nan a ƙasa, kuma takardar kwana 4 take aiki, har da ranar da aka rubuta ta. Sun ba ni man Hirudoid na laushin fata da wani na kumburi, mai kantin ta matso man a kan gaɓar yatsanta ta farko, ta nuna mini da hannu cewa wannan ya isa faɗin tafin hannu biyu. Sun haɗa mini da ɗan littafin da ake manna bayanin magunguna, a riƙa zuwa da shi kowane asibiti.

Likita ta ce in rage zafin ruwan wanka, in shafa man kafin jikina ya gama bushewa, in koma bayan mako biyu. Mu haɗu a bidiyo na gaba, in sha Allahu, ku ga yadda wuyan ya koma.