Na Je Kabarin Matar Da Ke Kaɗa Jita Kamar Ganga

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, ina kan hanya ne. Na baro Memphis da sassafe, na miƙi babban titin da ya yi kudu, ga shi har na shigo jihar Misisipi. Garin da zan je sunansa Senatobia, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Kabarin wata mawaƙiya zan kai ku, Jessie Mae Hemphill. Na san ba ku taɓa jin sunan ba. Kada ku damu, ko a nan Amurka sai ka tambayi mutum goma ba ka sami ɗaya da ya san ta ba.

Ni ma wani dattijo ne da muke aiki tare ya sa mini kiɗanta a motarsa. Wallahi ina ji na ce masa, Baba, wannan ai makaɗiyar ganga ce aka ɗora wa jita! Ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce ashe kunnena na aiki.

Kiɗan da take yi shi ake kira buluz, kiɗan baƙaƙen fatar kudancin ƙasar nan. Ba Bulus na coci ba fa, kada wani ya zo yana tambayata. Amma buluz ɗin ma iri-iri ne. Na wannan yanki mai tuddai, na arewacin Misisipi, ba ya yawan sauya sauti. Amo ɗaya za a kama a yi ta nanata shi, a yi ta juya shi, har sai ka ga ƙafarka na motsi ba da izininka ba. Wanda ya taɓa kwana a gaban mai goge ko mai gurmi ya san abin da nake nufi. Kunnena ne dai ya gaya mini haka, ni ba malamin tarihi ba ne.

To, ga mu mun iso. Bari in rage murya.

An haife ta a 1923 a nan kusa, tsakanin wannan gari da garin Como. 'Yar gado ce. Kakanta Sid Hemphill makaho ne, yana busa sarewar kara, yana goga gogen Turawa, kuma Alan Lomax, mai yawo da na'ura yana ɗaukar waƙoƙin karkara, ya naɗi kiɗansa a 1942. A ƙungiyar kakan nan ta koyi dukan ganga, babba da ƙarama, a wuraren shagalin da ake yi a fili, ana busa ana kiɗa ana cin nama. Har yau ana irin wannan taro a yankin, akuya ake gasawa. Shi ya sa da ta riƙi jita, hannun ganga ta zo da shi. Ta kan ɗaura ɗan bandiri mai kacau-kacau a ƙafa, tana taka shi tana kaɗa jita tana waƙa. Mace ɗaya, amma ka rantse mutum uku ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne daɗewar da ta yi ba a waiwaye ta ba. Shekara da shekaru tana Memfis tana 'yan ayyukan neman abinci, tana kiɗa jefi-jefi. Sai a 1979 wani malamin jami'a mai binciken kiɗa, David Evans, ya fara naɗar waƙoƙinta sosai, lokacin ta haura hamsin. Babban faifanta na farko kuma da ya fito a 1981, a Faransa aka buga shi. Ku ji fa! Turawan Faransa na sauraron ta, maƙwabtanta ba su san an yi ba. Daga baya dai ta ci lambar yabo ta W.C. Handy, wadda ake bai wa mawaƙan buluz, a 1987 da 1988, ta yi yawon ƙasashe da hular kaboyi da tufafi masu ƙyalli, don ita mace ce mai son ado.

Ana cikin haka, a 1993, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta ta hagu. Jita ta gagara. Duk abin da ta samu na suna bai wuce 'yan shekarun nan ba. Amma bandirin bai bar hannunta ba, ta ci gaba da waƙa, yawanci ta addini, har ta rasu a Memfis ranar 22 ga Yulin 2006.

Ga dutsen kabarin nan, bari in matso da kyamara. Ba kowa a wurin sai ni da wani mai yankan ciyawa can nesa. Ba zan sa muku kiɗanta a bidiyon nan ba, kada a sauke mini shi. Ku rubuta sunanta ku nema da kanku, ku sa abin ji a kunne, ku bar jitar ku bi ƙafar. Ni kam zan ƙarasa Como in nemi abin karin kumallo, tun asuba ban sa komai a baki ba.