Gubar da Ke Riga Tsuntsu Shiga Ƙwai

[Hoto: tsuntsun ruwa mai karkataccen baki]

Duk lokacin da irin wannan hoton ya zaga intanet, sai ka ji ana cewa ai wani mugun abu ya tsinta ya ci. To, wannan bai kai ga cin komai ba. Haka ya fito daga ƙwai.

Mu bi sawun abin da sauri. Sunansa PCB, wani mai ne da aka riƙa zubawa a taransifoma da fenti tun 1929. Amurka ta hana yin sa a 1979, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta 2001 ta bi sahu. Sai dai shi ba ya ruɓewa, ba ya son ruwa, kitse yake nema. Daga laka ya shiga ƙwari, daga ƙwari ya shiga kifi, kowane mataki yana ƙara taruwa, har ya tare a jikin uwar tsuntsu.

[Hoto: an fasa ƙwai, gwaiduwa a fili]

Nan ne wurin da ake ruɗewa, don haka mu tsaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gwaiduwa kitse ne, kuma hantar uwa ce ke haɗa shi. Duk abin da ya laɓe a kitsenta sai ya biyo. Ita ta rage kaya, ɗan ya gada. Ɓawo ya rufe, kuma ba shi da wani abinci sai abin da ke cikin ƙwan har ya ƙyanƙyashe. A kaza, kwana 21 ke nan.

Ba kashe shi gubar take yi nan take ba, saƙo take ɓatawa. Homon saƙo ne da ke gaya wa gaɓoɓi yaushe za su fara, yaushe za su tsaya. Ɗauki na tayirod, halittar nan da kumburinta ke kawo wa mutum maƙoƙo. Shi ke kula da girma, da ƙashi, da fitar gashi, da ɗumin jiki. Idan hanta ta sarrafa PCB, sai ya ɗauki kamannin wannan homon, ya haye furotin da ke dakonsa a jini, kamar fasinjan da ya zauna kujerar wani ba tikiti. Hantar kuma ta shiga zubar da na gaskiyan da sauri. Sai ka ga ɗan tsuntsu tsamurmuri, gashi ya makara, wani ma ƙarfin fasa ɓawo ya gagare shi.

Ga kuma batun jinsi. A tsuntsu, homon istirojin ne ke gina mace, kuma a kaza aikin yana farawa wajen kwana na shida da kwanci. A 1981, Michael Fry da abokiyar aikinsa a Kalifoniya sun yi wa ƙwan tsuntsayen teku allurar DDT, wanda shi maganin ƙwari ne amma halinsa ɗaya da PCB wajen son kitse. Mazan suka fara fitar da gaɓoɓin mata. Adadin da babban tsuntsu zai shanye ba ko gezau, shi ne ke sauya halitta idan ya faɗo a waɗannan kwanakin. A ganina wannan ya fi karkataccen baki tayar da hankali, domin kyamara ba ta kama shi.

[Hoto: tafkin Mishigan, sannan kogin Hudson]

Karkatar bakin an yi ta ganinta a yankin Green Bay na tafkin Mishigan a Amurka a shekarun 1980. A kogin Hudson na jihar New York kuwa, inda masana'antun General Electric suka zubar da PCB daga 1947 zuwa 1977, an tarar tsattsewa na yin sheƙa ta jeka-na-yi-ka. 

Shi ya sa masu bincike ke auna ƙwai. A ɗauki ɗaya daga sheƙa a kai ɗakin gwaji, a bar sauran a ga nawa za su ƙyanƙyashe. Kanada na auna ƙwan tsuntsayen Manyan Tafkunan da ke tsakaninta da Amurka duk shekara tun 1974.