Kimiyya a firamare: kayan aikin da malamin Kaduna yake da su a hannu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Bidiyon yau na malaman firamare ne, musamman waɗanda aka ɗora wa darasin kimiyya, amma iyaye ma kar ku wuce don akwai naku a ciki.

Duk malamin da ka taɓo wa maganar wannan darasi abu na farko da zai ce maka shi ne ai ba mu da lab, kuma gaskiyarsa, makarantu da yawa daga Rigasa har Kawo har Tudun Wada babu shi, wasu ma bencin zama bai ishi yaran ba. Wannan haƙƙi ne a wuyan gwamnati kuma ba za mu daina faɗa ba. To amma malam, malama, ku buɗe manhajar da hukumar NERDC ta tsara wa firamare ku duba abun da ke ciki: masu rai da marasa rai, tsirrai, ruwa, iska, ƙasa, haske, zafi, jikin ɗan adam, tsafta. A cikin waɗannan wanne ne sai da ɗaki mai famfon gas? Abun da ke ci min rai shi ne yaro ya shekara shida yana kwafar "iska tana da nauyi" daga allo, ya haddace ya rubuta a jarrabawa ya ci, bai taɓa riƙe komai da hannunsa ya gwada ba, daga nan ya shiga sakandare da tunanin cewa kimiyya wani karatun Turawa ne da ba ruwansa da gidansu.

To ku dubi teburin nan. Zoɓo ne na jiƙa, ba sukari ba citta, na tace na ƙara masa ruwa har ya yi haske ana hango ta cikinsa, sai na raba a ƙananan robobi masu haske guda huɗu. A ta farko zan matsa lemun tsami. Kun gani, jan ya ƙara fitowa, ya yi wani haske. A ta biyu zan zuba ruwan kanwa da na jiƙa tun jiya, ku kalla da kyau, jan ya gudu, ya koma duhu yana ɗaukar kore. Ta uku gishiri ne, na juya na juya babu abun da ya canza. Ta huɗu ba zan sa mata komai ba, ita ce shaidarmu, da ita yaro zai kwatanta sauran. Abun da ya faru shi ne sinadarin da ya ba zoɓo launinsa yana sauya kala gwargwadon abun da ya haɗu da shi, in mai tsami ne ya yi ja, in irin su kanwa ne ko ruwan toka ko ruwan sabulu sai ya juya. Takardar litmos da ake saye da tsada a sakandare aikin da take yi kenan.

Amma fa ba zuba kanwar ba ne darasin. Kafin ki zuba, malama, tsaya, ɗaga robar sama ki ce yara me kuke jin zai faru? Wani zai ce zai yi fari, wata ta ce zai yi kumfa, wani ya ce ba abun da zai faru, ki rubuta duka a allo ba tare da kin ce wa kowa ya yi kuskure ba, a ƙirga hannaye, sannan a zuba. Ihun da za ki ji a ajin nan ranar sai hedimasta ya leƙo. Daga nan ki ce gobe kowa ya zo da abu ɗaya daga gida a ƙulle a leda, tsamiya, toka, nono, omo, ruwan shinkafa, a gwada ɗaya bayan ɗaya su da kansu su raba su gida biyu. Kuma ragowar kanwar kar a zubar, a daka ta a zuba a gorar roba a matsa lemun tsami a kai a ɗaure balan-balan a bakin gorar, za ta yi ta kumfa balan-balan ɗin yana tashi a hankali, iskar da ta cika shi irin wadda muke fitarwa ce in mun yi numfashi.

Na san tambayar da ke zuwa, aji cike maƙil, yara 80 ko fiye, ta ina? Ba sai kowa ya samu nasa ba. A raba su rukuni, kowane rukuni roba ɗaya da mai zubawa da mai rubutawa, sati mai zuwa a canza masu riƙewa. Kuma don Allah a riƙa miƙa wa 'yan mata, don in aka bar abun haka nan maza ne za su wawashe kayan su kuma su koma 'yan kallo.

Randar ruwa ma darasi ce guda. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi alhali a inuwa ɗaya suke? Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa waje yana bushewa, kuma duk ruwan da zai bushe sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi, shi ya sa gumi yake sanyaya jiki. Da wannan ilimin wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don kayan miya su daɗe ba su lalace ba, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ku ba yara wannan labarin, ɗan arewa ne, malami ne, da tukwanen ƙasa ya yi. Sannan ku haɗa tukwanen a bayan aji, tumatir biyu a ciki biyu a waje, kullum da safe a je a duba a zana abun da aka gani.

Wanda ni na fi so shi ne na inuwa, don ko kwabo ba ya ci. Kafa sanda a tsaye cak a filin makaranta, duk bayan awa ɗaya yaro ya je ya sa tsakuwa a ƙarshen inuwar. Za su ga tana gajarcewa tana juyawa, kuma za su gano cewa a nan Kaduna ba ƙarfe 12 daidai take kai ƙarshen gajartarta ba, sai wajen 12 da rabi, saboda agogon Najeriya an saita shi ne da wani layi da ke gabas da mu sosai. Yaron da ke zuwa islamiyya da yamma nan take zai haɗa wannan da zawali da shigar lokacin azahar. Kuma sau biyu a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, rana tana bi ta saman kanmu daidai, sandar kusan ta rasa inuwa gaba ɗaya. Na Afrilu ya fi sauƙin kamawa, Agusta hadari ba ya bari.

Da hunturu kuma, a goga biro a gashi a kusantar da shi ga 'yan gutsattsarin takarda su yi tsalle su manne. A sake gwadawa da damina a ga ya yi rauni, a bar su su yi ta gardamar dalili.

Kayan lantarki da maganaɗisu kuwa mu 'yan Kaduna Allah ya hutar da mu, muna da Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa da kayan aiki. Tsohuwar sifikar rediyo a bayanta akwai maganaɗisu mai ƙarfi, matacciyar tocila akwai ƙananan ƙwayaye da makunni, ga guntayen waya, ga ƙananan motoci na kayan wasan yara. Batir ɗaya na tocila volt 1.5 ne, farin ƙwan nan ƙarami yana son wajen 3, don haka sai an jera biyu, kuma in bai kama ba a juya ƙafafunsa don ta gefe ɗaya kawai yake karɓar wuta. Da zarar ya kama sai a yanke wayar a bar giɓi, yara su riƙa cike giɓin da cokali, ƙusa, tsinken tsintsiya, murfin biro, su ga wanne ne wuta ke bi. Ku gwada da bakin fensir, abun zai ba su mamaki. Kuma a cikin iyayen yaran nan akwai mai gyaran rediyo, akwai mai walda, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai manomi, in kwamitin kula da makaranta na SBMC ko PTA ya gayyaci mutum ɗaya ya zo ya yi minti 30 da 'yan aji biyar da kayan aikinsa a hannu, ba na jin zai ƙi.

Yanzu ɓangaren shi malamin kansa, don ba ka ba da abun da ba ka da shi. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta a nan take, kan hanyar Zariya wajen Rigachikun, malamai daga jihohi masu nisa suna tahowa mu kuwa kuɗin mota ɗaya ne. Suna da karatun NCE da difloma ta koyarwa da mutum zai yi yana bakin aikinsa. Akwai kuma shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a firamare, wanda aka fara a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, kuma Kaduna tana cikin jihohi uku na farko tare da Neja da Filato. Tsarinsa kusan abun da muke yi a teburin nan ne, yaro ya yi da hannunsa, malami ya ƙirƙiri kayan aiki daga abun da ke kusa, bayan darasi ya zauna ya duba ina aka samu tangarɗa ya gyara. Irin wannan bita ta hannun SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha, da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ake tura sunaye, don haka kar ka zauna jira, je ka tambaya, ka bar sunanka, ka sake komawa. In ma ba a kira ka ba, nemi wanda ya taɓa zuwa a makarantarku ko ta kusa ya buɗe maka takardun da ya dawo da su. Ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN ita ma tun 1957 take, tana taro duk shekara tana buga littattafai, kuma ba ta 'yan sakandare kaɗai ba ce kamar yadda wasu suke ɗauka.

A waya ma akwai abubuwa kyauta. Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft yana da darussa har da na Hausa. TESSA kuma darussa ne da aka rubuta wa malaman Afirka masu manyan azuzuwa da ƙarancin kaya, NTI ma tana cikin waɗanda aka yi aikin da su, ni shi nake fara nuna wa sabon malami. Sai PhET na jami'ar Colorado a Amurka, wanda Carl Wieman mai lambar Nobel ya fara a 2002, inda za ka haɗa batir da wayar wuta da ƙwai a fuskar wayar hannu ka ga wuta tana gudu, ana iya sauke shi sau ɗaya a yi ta amfani ba data. Sai dai waya ɗaya ba za ta ishi aji ba, ni a ganina amfaninsa ya fi yawa ga malam da daddare ya fahimci abun sosai, da safe ya zo da batir na gaske.

In hali ya yi a fita da yara ko sau ɗaya a zango. Gidan tarihi da ke titin Ali Akilu yana da kayan Nok, mutanen da suka narka ƙarfe a wannan yanki namu fiye da shekara 2000 da suka wuce. Wanda bai samu mota ba lambun da ke bakin kogin Kaduna ma aji ne, ko wurin mai ginin tukwane.

Sai maganar harshe. Yaro ɗan aji uku da bai gama jin Turanci ba, in ka yi masa bayanin bushewar ruwa da Turanci zalla hadda kawai zai yi. Yi masa da Hausa ya gane, ya yi tambaya da Hausa, ya yi musu da Hausa, sannan ka ba shi kalmar Turancin ya rubuta don ita zai tarar a jarrabawa. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyar da 'yan firamare da Yarabanci a Ife tun daga 1970, har da kimiyya da lissafi, kuma yaran ba su koma baya ba. A ajin da ke da yaran da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, kuma a Kaduna suna da yawa, sai malam ya lura ya haɗa da abun da kowa zai ji.

Abu ɗaya da ba wasa a ciki, lafiyar yara. Wutar soket ba ta shiga darasi ko kaɗan, batirin mota ma haka, ƙananan batir kawai, kuma wanda ya fashe yana yoyo a jefar. Ba a ɗanɗana komai a lokacin gwaji ko da zoɓo ne, don yau zoɓo ne gobe ruwan omo ne. Ruwan da aka tace da yashi da gawayi ya yi fari amma ba na sha ba ne sai an tafasa, a faɗa musu a maimaita. Ba a kallon rana kai tsaye, inuwa ake kallo. Ashana da kyandir a hannun malam suke tsayawa, kuma kayan Panteka a wanke a duba masu kaifi da tsatsa kafin su shiga aji.

A bidiyo na gaba za mu haɗa ma'aunin ruwan sama da gorar roba da rula, don a kafa shi a makaranta kafin ruwan farko ya sauka. Sai mun haɗu, a gaida yara.