Amsoshin Tambayoyinku: Digiri a Fannin Nazarin Laifuka ta Karatu daga Nesa

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Sakkwato, birnin Shehu. Wasiƙun da muka zaɓo muku yau duk sun karkata ga batu ɗaya ne, wato neman digiri a fannin nazarin laifuka da tafiyar da shari'a ba tare da mutum ya zauna a aji kullum ba.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani kofur ɗan sanda da ke aiki a Illela. Ya ce takardar sakandare kawai yake da ita, kuma yanayin aikinsa ba zai bar shi ya koma makaranta ba, don haka yake tambaya ko da gaske ana iya yin wannan digiri mutum yana bakin aikinsa, kuma ko hukuma ta amince da takardar.

To malam, ana iyawa, kuma hanyar da aka fi sani ita ce ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ake kira NOUN. An kafa ta ne a 1983, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a 2002 lokacin Shugaba Obasanjo. Hedikwatarta tana Abuja, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, ciki har da nan Sakkwato, kuma daga cikin kwasa-kwasanta akwai digiri a fannin nazarin laifuka da harkokin tsaro. Jami'ar gwamnatin tarayya ce, tana ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, kamar sauran jami'o'i. Abin da ake nema wurinka shi ne kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, kuma karatun shekara huɗu ne ga wanda ya faro daga matakin farko. Wanda yake da difloma ko takardar NCE kuwa yana iya neman a ɗauke shi kai tsaye a mataki na biyu.

Sai dai ina so ka saurare ni da kyau a nan, domin wannan ne wurin da mutane da yawa suke tuntuɓe. Cewa karatu daga nesa ne ba ya nufin karatun mai sauƙi ne. Za a ba ka littattafan darussa ka sauke a waya ko kwamfuta, sannan kowane darasi yana da jinga da ɗalibai ke kira TMA, wadda ake amsawa ta intanet, kuma ita ke ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawar ƙarshen zango kuma ta ɗauki sauran 70. Ita wannan jarrabawa galibi ba a gida ake yin ta ba, sai ka zo cibiya da ƙafarka a ranar da aka sa. Ka ƙaddara ka dawo daga sintirin dare idonka cike da barci, wayarka ba caji, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ga shi kuma wa'adin jinga ya kusa cika, babu malamin da zai tsaya a kanka ya ce ka buɗe littafi. Shawarata ita ce ka ware wa karatun lokaci tsayayye kowace rana, ko da awa ɗaya ce bayan sallar Asuba, kuma kafin ka biya ko kwabo ka nemi izinin karatu a rubuce daga shugabanninka. Wannan izini zai taimake ka ranar da jarrabawa ta ci karo da aiki, zai kuma sauƙaƙa maka ranar da ka gabatar da takardar don a saka ta a fayil ɗinka. Ƙarin girma yana da nasa ƙa'idojin a kowace hukuma, digiri kaɗai ba ya ɗora wa mutum anini a kafaɗa.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wata malamar firamare a unguwar Mabera, wadda take tambaya ko wannan karatu zai mayar da ita lauya. Malama, ba zai mayar da ke lauya ba. Lauya shi ne wanda ya yi digirin shari'a, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, aka rantsar da shi. Shi wannan fanni yana cikin kimiyyar zamantakewa ne, kuma abin da yake bincika shi ne dalilan da ke sa mutane aikata laifi, da halin da wanda aka zalunta ke shiga, da yadda rassa uku suke aiki tare, wato 'yan sanda, da kotu, da gidan gyaran hali. Za ki karanta dokokin laifuka, ki san cewa a Arewa da kundin hukunta laifuka da ake kira Final Kot (Penal Code) ake aiki tun 1960, alhali Kudu suna da nasu kundin daban, ga kuma dokokin Shari'ar Musulunci da jihohi irin tamu suka ƙaddamar.

Kada wannan amsa ta sanyaya miki gwiwa, domin ni a ganina ƙasar nan tana matuƙar buƙatar masu irin wannan ilimi. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa, ko kwana biyu idan tana da nisa. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wanda ake nema, abin da ya daɗe yana sa iyaye da mata kwana a caji ofis kan laifin da ba nasu ba, ta kuma umarci majistare ya riƙa duba wuraren tsare mutane kowane wata. A 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa hukumar gyaran hali, aka buɗe sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma hidima. Duk da haka, fiye da rabin waɗanda ke tsare a gidajen nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Dokoki suna nan a rubuce, masu fahimtarsu da za su aiwatar ake nema, kuma mata da ƙananan yara da ke tsare sun fi sakin jiki da mace irinki.

Wani matashi daga Tambuwal ya ce ya ga talla a Facebook ta wata jami'ar ƙasar waje da ke ba da wannan digiri cikin shekara ɗaya. Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya yi shigar burtu ya samo digiri a Kwatano ta jamhuriyar Benin cikin mako shida. Kafin ka shiga kowace makaranta, ka duba jerin cibiyoyin karatu daga nesa da NUC ta amince da su, idan kuma ta waje ce, ka tuntuɓi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya.

Wasiƙa ta ƙarshe ta wata baiwar Allah ce daga Gwadabawa, wadda ƙanenta yake ɗaure, tana tambaya ko shi ma zai iya wannan karatu. Hajiya, Allah ya kawo masa mafita. NOUN tana da cibiyoyi na musamman a cikin wasu gidajen gyaran hali, inda ɗaurarru ke karatu kyauta, kuma wasu sun kammala digiri a can. Ba kowane gida ne yake da cibiyar ba, saboda haka ranar da kika je ziyara ki nemi ganin jami'in kula da walwalar ɗaurarru, ki tafi masa da kwafin sakamakon jarrabawar ƙanen naki ta sakandare.