Babban Farin Shak: Ina Farin Yake Tsayawa?

Assalamu alaikum iyaye da malamai, da ku yara da kuka zo da fensir a hannu.

[Zanukan yara suna wucewa ɗaya bayan ɗaya]

Waɗannan zanukan babban farin shak, wato wani ƙaton kifin teku, ku ne kuka turo mana, kuma wallahi sun faranta mini rai. Ku dubi haƙoran wannan! Amma ku lura da wani abu. Wannan fari fat, daga hanci har wutsiya. Wancan kuma shuɗi ne gaba ɗaya, kamar an tsoma shi a rijiyar rini. Wata uwa ta ce ita da ɗanta sun yi ta gardama: yaro ya ce malam ya ce sunansa farin shak, don haka ba zai sa masa kala ba. Yaron nan yana da hujja, sunan ne ya ruɗe shi. To yau a nan za mu tsaya, a kan kala. Zanen jikin kuwa da gudu za mu wuce shi.

[Hannu a kan farar takarda]

Ku zana ganyen mangwaro a kwance, mai kauri a tsakiya, mai tsini gaba da baya. Kada ku danna fensir, za a yi goge-goge. Fiffike babba a gadon baya, mai kusurwa uku. Biyu dogaye a gefe, ɗaya ya fito sosai, ɗaya ya ɗan leƙo ta ƙasa. Ƙananan na baya, haka, haka. Wutsiya kamar jinjirin wata, kuma a tsaye take, sama da ƙasa. Wutsiyar da ke kwance ta dolfin ce, shi ba kifi ba ne ma, shayar da 'ya'yansa yake yi. Baki a ƙarƙashin hanci, ba a kan tsinin ba. Haƙora masu kusurwa uku. Tsagogi biyar a bayan kai, waɗanda yake numfashi da su. Ku ƙirga tare da ni: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ido ƙarami. Shi ke nan.

Yanzu kowa ya ajiye fensir, ya kalli nan.

[Kifin yana wucewa a hankali ta gaban kyamara]

Bayansa ruwan toka ne, wani lokaci mai duhu, wani lokaci da ɗan sirkin ruwan ƙasa. Cikinsa kaɗai ne fari. Ga shi ya juya, kun gani? Fari tas, kamar sabon yadi.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gobe idan Mama ta sayo tarwaɗa, kafin a yanka, ku roƙe ta ku duba. Bayan tarwaɗa baƙi ne, ku juya ta, za ku ga ciki fari. Barewa ma haka take, baya ja-ja, ciki fari. Hikima ɗaya ce Allah Ya yi musu.

Ga yadda abin yake. Hasken rana daga sama yake shiga ruwa. Wanda ke saman ruwa, idan ya dubi ƙasa, duhu yake gani, sai bayan kifin ya saje da duhun. Wanda ke ƙasa kuwa, idan ya ɗaga kai, haske yake gani, sai farin cikin ya saje da hasken. Kifi mai tsawon mita 4 zuwa 5, manya-manyan ma su kai kusan mita 6, amma ya ɓace a cikin ruwan da babu bishiya babu ciyawar laɓewa. Rigarsa ce maɓoyarsa.

[Kifin ya yi tsalle sama da ruwa]

Wannan hoton a kusa da Kef Tawun aka ɗauke shi, a Afirka ta Kudu, gefen wani ɗan tsibiri da dabbobin teku da ake kira sil suke taruwa. Sil yana iyo a sama. Ya duba ƙasa, bai ga komai ba. Shak ya taso daga zurfi da ƙarfin gaske, har ya fito fili gaba ɗayansa. Da bayansa fari ne kamar yadda muka zana, da tun daga nesa sil ya hango shi ya tsere.

To mu koma takarda. Wannan shi ne matakin da ake kuskurewa, don haka zan tafi a hankali.

Kafin ku taɓa kala, ku fara zana iyakar da ta raba toka da fari. Ku sa fensir a ƙasan tsinin hanci. Ku ja baya. Layin zai bi ta ƙarƙashin ido, ta saman baki. Ku lura da kyau: ido yana cikin toka, baki da haƙora suna cikin fari. Idan ido ya faɗa cikin fari, layinku ya yi sama da yawa, ku goge ku sauko da shi.

Mun iso tsagogin nan biyar. A nan layin ke rikicewa, ya hau, ya sauka, farin ya kutsa tsakanin tsagogi, tokar ta zubo ƙasa. Ku bar hannunku ya yi rawa. Daga nan ya wuce ta gindin fiffiken gefe, ya bi ƙasan jiki, yana lanƙwasa, har gindin wutsiya.

Na ga wasu sun ɗauko rula. Ku mayar da ita jaka. Layin nan ba miƙaƙƙe ba ne, ya fi kama da gefen takardar da aka yage da hannu. Wasu kuma suna murza wurin da yatsa don toka ta narke cikin fari. Shi ma kada a yi. Ku sake kallon kifin: inda toka ta ƙare, nan take fari ya fara.

Kuma wannan ne abin da na fi so a jikin halittar nan. Iyakar kowane kifi daban take da ta ɗan'uwansa. Masu bincike suna ɗaukar hoton wannan layin, a wurin tsagogi da kusa da wutsiya, su haɗa da tsage-tsagen da ke gefen fiffiken baya, su gane wane ne wane. Akwai wata macen shak da suka sa wa suna Nikol. A ƙarshen 2003 aka maƙala mata na'ura a Afirka ta Kudu, ta ratsa teku har yammacin Ostireliya, sannan a 2004 aka sake ganinta inda ta baro. Tafiyar sama da kilomita 20,000 cikin wata tara. Da fiffikenta aka shaida ta. Saboda haka malam, idan yara talatin suka kawo maka layi talatin mabambanta, kada ka sa jan biro. Kowanne ya zana nasa kifin ne.

[Hannu yana shafa kala]

Yanzu kala. Toka daga layin zuwa sama, har fiffiken baya da wutsiya. Ku ƙara danna hannu a gadon baya don ya fi duhu. Wanda ba shi da ruwan toka a kwalinsa, fensirin rubutu ya isa, a kwantar da shi a shafa. Fiffiken gefe, samansa toka. Wancan da ya leƙo ta ƙasa, cikinsa muke gani, don haka fari ne, sai ɗan baƙi a tsininsa. Wannan ɗan baƙin mutane da yawa ba su san da shi ba.

Ciki fa? Kada ku shafa masa komai. Na san akwai farin fensir a kwali, kuma na san yana jan hankali, amma fari a kan farar takarda ba ya fitowa. Ruwan za ku yi wa kala. Ku shafa shuɗi a kewayen kifin, ku matso da shi har ya taɓa gefen cikin, sai ku tsaya cak. Ku duba... kun ga farin ya taso da kansa?

Ido baƙi, a bar ɗan ɗigon fari a ciki. Idan aka matsa kusa da na gaske, akwai shuɗi mai duhu a cikinsa, wanda yake so ya ƙara. Dasashi ɗan ja kaɗan, ba sai an zuba jini ba.

A rubuta suna da shekaru a ƙasan takarda, sannan a ɗaga mana ita sama mu ga inda layin kowa ya bi.